Busasshen Itace a Cikin Ɗanye

A farkon daminar bara kakata, Iya Tabawa, ta faɗo daga kan kujerar roba tana tsakiyar sallar la'asar. Gwiwoyinta sun daɗe da hana ta ruku'u da sujada, saboda haka a zaune take salla. Ƙafar kujerar ta baya ce ta buɗe a kan siminti, ta zame da ita, ƙugunta ya bugu. Likita ya ce babu karaya, na kuma ga hoton da idona. Amma tun daga ranar Iya ta ƙi yarda da duk wani abin zama mai ƙafafu. Tabarma ta yi mata ƙasa, in ta zauna ba ta iya tashi. Baffa Ado, ƙanen mahaifina, ya sayo mata kujerar ƙarfe, ta ce a mayar wa mai ita. Ta koma ɗakinta, ta lafe a kan tsohon gadonta na ƙasa, wanda ta ce shi kaɗai ne ba zai gudu ya bar ta ba. Tsakar gidan da ta yi shekara da shekaru tana mulki ya zama sai dai ta jiyo hayaniyarsa ta labule. Abinci ya soma komawa kamar yadda aka kai shi.

Ni na ce zan yi mata wata da hannuna. Ya kamata in bayyana tun yanzu cewa ni ba kafinta ba ne. Lissafi na karanta, ina koyar da shi a wata makarantar sakandare a nan Wudil. Aikin katako sha'awa ce ta ranakun hutu, a wata rumfa da na kafa a bayan gida, kuma kafin wannan lokacin abin da na taɓa yi bai wuce benci da mazubin littattafai ba. Da na faɗa mata, Iya ta daɗe tana kallona, sannan ta yi mini irin tsokanar da kaka ke yi wa jikanta.

"To, maigida, yau ka tuna kana da mata. In za ka yi, kada ka sa mata ƙusa."

Wannan magana ce ta mayar da ni gindin murhu.

Ba zan iya tabbatar da shekaruna a wancan lokacin ba. Na san dai ban kai a aike ni kasuwa ni kaɗai ba. Gidanmu ba shi da nisa da kogi, sauro kuma ya san hanyarsa fiye da baƙi. Bayan sallar magariba, idan an sauke tuwo an rarraba, sai Iya ta jawo 'yar kujerarta ta tsugunno kusa da murhu, ta tono garwashi, ta binne dankali ko ta jera masara, gwargwadon abin da lokaci ya kawo. Mu kuwa mu zagaye ta: ni da Yaya Rukayya da 'ya'yan Baffa Ado. Daga nesa ana jin ƙugin manyan motoci suna haye gada. Ran Alhamis kuma kukan shanun da aka koro domin kasuwar Juma'a yakan shigo har tsakar gida, ya riƙa katse mata magana, ta ce musu su yi haƙuri ta gama.

Wutar ma ta daban ce. Iya 'yar masassaƙi ce daga Kausani. Ƙanenta, wanda ya gaji sana'ar, yakan aiko mata da buhun ɓarɓashin sassaƙa, ita kuma ta riƙa watsa shi a garwashi kaɗan-kaɗan, hayaƙin ya kori sauro, harshen wutar ya haska fuskarta ya lafa. A gidansu ba a ba mace gizago, wato wannan ƙaramin gatarin da ake sassaƙa da shi. Amma ita ce ta tashi tana share rumfar mahaifinta, tana kai masa fura, tana zaune a gefe yana aiki. Abin da aka hana hannunta idonta ya kwashe shi tsaf. Shi ya sa a tatsuniyoyinta ba a cewa kawai wani ya sare itace. Sai ta faɗi wane itace ne, ɗanye ne ko busasshe, ta wane gefe kuma ya faɗi.

Ba ta buɗe tatsuniya da kalmomin da kowa ya sani. Takan goge hannunta a zane ta ce, "Na tsinto wata a bakin kogi, har yanzu da danshinta." Mu kuma mu amsa, "Shanya ta mu gani." Wadda muka fi roƙon ta maimaita ita ce ta Gambo Mai Gizago da Uwar Gurbi. Zan ba da ita a taƙaice, kuma inda na yi shakka zan faɗa.

Gambo masassaƙi ne a wani gari na bakin kogi, yana da rumfa a kan tudu da lambu a fadama. A wuri mafi zurfi na kogin akwai wata tsohuwa da ke zaune ƙarƙashin ruwa, ana ce mata Uwar Gurbi. Iya ba ta taɓa ce mana aljana ce ba, mu ma ba mu tambaya ba. Duk Juma'a takan fito kallon kasuwa, amma ta tsufa, tsayuwa tana gajiyar da ita, kujerar tsugunno kuma ba ta barin ta hango komai sai ƙafafun shanu. Sai ta je wurin Gambo ta ce ya yi mata doguwar kujera wadda za ta riƙa hangen kasuwa ta saman tozon bijimai. Sharaɗinta ɗaya ne: kada ƙarfe ya zauna a jikin kujerar, domin ƙarfe ƙona mata fata yake yi. Idan kujerar ta riƙe ta har kogi ya janye ya kuma dawo, ruwa ba zai sake taɓa lambunsa ba. Idan ta kayar da ita, kogi zai ci lambun.

Gambo mai sauri ne. Ya sare ɗanyen maɗaci, mai laushin aiki, ya fere mazauni da ƙafafu duka daga jikinsa, ya huda ramuka, ya cusa ƙafafun, suka zauna daram. Uwar Gurbi ta hau ta ji daɗi. Ba a daɗe ba itacen ya soma bushewa, ƙafafun suka rame, suka shiga rawa a cikin ramukansu. Da Gambo ya ga haka ran wata Alhamis, sai ya ɗauki kujerar ya tsoma ta a kogi ta kwana. Itace ya sha ruwa ya kumbura, da safe komai ya kama. Uwar Gurbi ta zauna. Rana ta ɗaga, ta take, kujera ta bushe, ta karkace da ita a gaban masu sayar da nono. A nan Iya takan shaƙe murya, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Gambo, da ruwana za ka yaudare ni?" A daren nan kogi ya cinye rabin lambun, Uwar Gurbi kuma ta ce ta ba shi dama ya sake.

Karo na biyu ya nemo busasshiyar ƙirya, mai tauri kamar dutse, ya yi komai da ita. Ya sha wuya kafin ya huda ramukan. Da ya zo doka ƙafafu, busasshen mazauni ba shi da sauran sassauci, ya dare gida biyu. Haushi ya kama Gambo, ya ɗauki gizago zai soma wani. To, ashe gizagon nasa ma ya kwana biyu yana girgiza a ƙotarsa, shi ma jiƙa shi yake yi maimakon ya sake masa ƙota. Yana ɗaga shi sai bakin ya fita, ya sauka a ƙwaurinsa.

A daidai nan Iya takan ajiye tatsuniyar. Ta cafko ƙafar wanda ya fi kusa da ita, yawanci tawa, ta ja layi da yatsa a ƙwaurin, sannan ta lissafo dokokin rumfar mahaifinta da murya wadda babu wasa a cikinta. Ƙotar da ta saki ba a jiƙa ta, sake ta ake yi. Ba a tsayawa a gaban mai sara, ko gaisuwa ce ta kawo ka sai ka zagayo ta bayansa ka yi gyaran murya. Kafin ka kai sara, ka duba inda bakin zai sauka idan ya kuskure itacen, ka janye ƙafarka daga wurin. Gizago kuma ba a ajiye shi bakinsa yana kallon sama. Muna ƙorafi cewa ta bar Gambo yana zubar da jini, ita kuwa ta ce ai ya saba, ya jira. Sai da na girma Baffa Ado ya gaya mini cewa kakansa, mahaifin Iya, ba shi da rabin babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Ita ba ta taɓa ambata ba.

Gambo ya kwanta jinya a rumfarsa. Da yake karo na farko ke nan da ya yi shiru a wurin, sai ya ji itatuwan da ke jibge suna hira. Wani ɗanyen gungumen maɗaci yana kuka, yana cewa kullum jikinsa tsukewa yake yi, yana neman abin da zai riƙe ya rasa. Wani tsohon gungumen ƙirya ya amsa masa cewa shi ya gama tasa tsukewar tun tuni, babu abin da ke motsa shi yanzu, sai dai ba mai waiwayarsa in ba mai neman itacen girki ba. Iya takan yi muryar tsohon kamar ta wanda haƙoransa suka zube, mu yi ta dariya har masara ta ƙone. Da Gambo ya warke sai ya haɗa su aure: ya yi mazauni da ɗaya, ya yi ƙafafu da ɗayan, ya ajiye kujerar a inuwa, ya hana rana ganinta. Kullum ta ƙara bushewa sai ta ƙara kamawa. Uwar Gurbi ta hau, kogi ya janye, ya dawo, kujera tana nan. Ta mayar masa da rabin lambunsa har da kifi a cikin kunyoyin albasa. Daga nan Iya ta kaɗe zaninta ta ce, "Ta bushe, ku kwashe ta ku kai ɗaki."

Ni ba na kwashewa sai na yi tambaya. Ƙafafun kujerar nawa ne? Da me ya huda ramin in ƙarfe ba ya taɓa ta? Iya ta ce an hana ƙarfe zama ne, ba a hana shi wucewa ba. Da na ƙara wata, ta ce wa sauran yara su taya ta addu'a, ta auri alƙali, ko miya ta yi sai ta kawo shaidu. Duk da haka ban taɓa ganin ta bar tambayata babu amsa ba.

Mai karatu zai lura cewa ban faɗi wanne ne ya zama mazauni, wanne ya zama ƙafafu ba. Da gangan ne, domin a nan matsalata ta bara ta tsaya. A raina ina jin kamar busasshen ne aka cusa cikin ɗanyen. Amma da na kira Yaya Rukayya, wadda ke aure a Dagumawa, sai ta ce ko kusa, ɗanyen ne ƙafafu, tun da shi ne mai ƙiba, shi zai cika rami. Ta girme ni, ta kuma fi ni jin tatsuniyar. Akwai wani dandali da muke da shi a waya, mu 'yan sha'awar aikin katako, inda muke tura wa juna hotunan abin da muka yi da labarin sababbin kayan aiki. Na jefa tambayar a can. Wani ya ce idan katako ya bushe ramin da ke jikinsa faɗi zai ƙara, wani ya ce tsukewa zai yi, wani kuma ya ce in zuba gam in doka ƙusa in rufe kanta, tsohuwa ba za ta gani ba. Wannan na ƙarshe bai san Iya ba. Ƙanenta na Kausani ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma sun kama wasu sana'o'i.

Saura Iya ita kanta. Na same ta da hantsi na tambaye ta, ta ce busasshen ne ƙafafu. Na koma bayan kwana biyu domin in tabbatar, ta ce ɗanyen ne. Da na tuna mata abin da ta faɗa a baya, sai ta murza bakin zaninta, ta ce tun da ta faɗi kanta ya zama kamar ɗakin da aka yi ƙaura, ta san akwai kaya amma ba ta san inda aka ajiye su ba. Ban ƙara tambayarta ba.

Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne. Idan na juya su, kujerar za ta yi kyau ranar da na gama, ta kuma saki daga baya, lokacin da Iya ta riga ta amince da ita. Faɗuwa ta biyu ba na jin za ta tashi daga gare ta. A lissafi na ga kamar ramin ya kamata ya tsuke tare da itacen da ya kewaye shi. Amma ban yarda in ɗora kakata a kan "na ga kamar" ba.

Iskar farkon damina ta kayar da wata babbar darbejiya a gonar wani abokina a Lajawa, ya ba ni gungume yana ɗanye sharaf. Busasshen kuwa na samo shi daga tsofaffin taɓaren ƙirya da matan unguwa suka daina daka da su. Na yanki guntaye na yi gwaji iri biyu: ɗanyen tsinke a cikin busasshen katako, da busasshen tsinke a cikin ɗanye. Na ajiye su a kan katangar madafa, inda ɗumi ke kaiwa amma rana ba ta kaiwa. Bayan wasu makonni na ɗauko. Ɗanyen tsinken da yatsu biyu na zare shi. Busasshen kuwa na sa guduma na buga ta baya, guntun katakon ya gwammace ya fashe da ya sake shi.

Na soma aiki. Na fitar da mazauni mai kauri daga darbejiyar, na shafe bakunansa biyu da kakin zuma domin kada ya bushe da gaggawa ya tsage. Na huda ramukan ƙafafu a karkace, yadda za su buɗe waje kaɗan su kama ƙasa. Na fere kawunan taɓaren su ɗara ramukan kauri da ɗan abin da ido ba ya gani sai yatsa, na binne su cikin yashi mai ɗumi a gefen murhu domin sauran danshin da ke jikinsu ya fita. Na kuma tuna da mazaunin Gambo da ya dare, saboda haka na rage gefen kowace ƙafa ta ɓangaren da zai iya buɗe jijiyoyin itacen, na bar matsin ya tafi ta tsawonsu. Majingina da wurin ɗora hannu ma haka na dasa su. A ƙarƙashin kowace ƙafa na liƙa guntun robar taya, domin santsin siminti ne asalin wannan magana duka.

Ina aikin ina jin muryar Iya. Rumfata tana da abubuwan da rumfar mahaifinta ba ta sani ba, amma dokokinsa sun shiga cikinta ba tare da gyara mai yawa ba. Ina sa tabarau da rufaffen takalmi ko da zufa tana bin bayana. Idan aka ɗauke wuta ina tsakiyar huda, abu na farko shi ne in zare wayar injin daga bango, domin wutar takan dawo ba sallama, injin da aka bari a kunne kuma gizago ne da aka ajiye bakinsa yana kallon sama. Yaran gidan na koya musu su tsaya a bakin rumfa su yi gyaran murya.

Gama kujerar bai yi mini wuya kamar jiran ta ba. Ɗanyen mazauni sai ya bushe a hankali a inuwa kafin a san gaskiyarsa, a damina kuwa itace ba ya sauri. Iya ta ji labarin an gama, ta aiko a gaya mini ba ta taɓa ganin mijin da ya gama gini ya hana amarya tarewa ba. Na yi dariya, amma duk shigar da zan yi ɗakinta sai in ga wuyan hannunta ya ƙara sirancewa. Baffa Ado ya same ni a rumfa ya ce kujera ga ta a tsaye kamar soja, me nake jira, ko sai tsohuwa ta manta yadda ake tafiya? Na ce masa ya ƙara mini haƙuri. Ban gaya masa cewa wata 'yar tsaga ta bayyana a bakin mazaunin ba, wadda nake aunawa da tsinken ashana kowace safiya. Ta yi tafiyar da ba ta kai gaɓar yatsa ba, ta tsaya nesa da ramukan. Sai da aka gama girbin gero, na ga mazaunin ya daina rage nauyi a hannu, tsagar kuma ba ta ƙara ba, sannan na ɗauko ta.

Bayan la'asar ne. Baffa Ado dillalin shanu ne, kuma jikinsa ya dace da sana'arsa. Shi ya fara hawa a tsakar gida, ya jingina, ya karkata dama da hagu, ya ɗaga ƙafafunsa sama, matan gida suna dariya. Iya tana kallo ta bakin labule. Ta ce nauyin Ado na tuwo ne, ba ya zama hujja, a kawo mata ita ciki. Na kai mata, ta sa na kifa ta a kan gadon. Ta bi ta da tafin hannu, gaba da baya, tana neman kan ƙusa. Ba ta samu ba. Sannan ta zagaya gindin kowace ƙafa da yatsa, ta gwada cusa farcenta tsakanin ƙafar da mazaunin, farce ya ƙi shiga. Ta kama ƙafa ɗaya ta girgiza da iya ƙarfinta. Na ga fuskarta ta sake, kamar wadda ta laluba a duhu ta taɓo abin da take nema.

"Busasshe a ciki, ɗanye ya rungume shi. Haka Baba yake yi." Ta ɗago ta harare ni. "Ashe ka sani, kake ta wahalar da ni da tambaya."

Na ce mata ban sani ba, gwadawa na yi.

"To ai shi ma Gambo gwadawa ya yi. Sai dai shi da ƙwaurinsa ya biya, kai ka samu a ɓagas."

Ni da Baffa muka riƙe ta muka fito da ita. Hasken waje ya sa ta runtse ido. Da muka iso kujerar ta juya mata baya, ta soma sauka a hankali, yatsunta sun nutse a wuyan hannuna har ina jin zafi. Ta taɓa mazaunin, ta tsaya da rabin nauyinta a kaina. Sannan na ji riƙon yana sassautawa, yatsa bayan yatsa, har ta ɗora hannun a kan cinyarta.

Ta dubi tsakar gidan daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta tambayi wanda ya ɗaure akuya kusa da randa, da wadda ta bar turmi a buɗe kaji suna hawa, da dalilin da ya sa aka bar zogalenta ya yi tsawo haka ba a sare kansa ba. Ta ce ashe wata da watanni gidan nan babu mai ido a cikinsa. Mahaifiyata ta juya baya tana goge fuska da gefen mayafi, tana cewa a kawo wa Iya buta, magariba ta kusa. A nan ta yi sallarta, a nan kuma ta ci tuwo, ta ce miyar ba ta ji daddawa ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Gambo gargaɗi ce a kan ha'inci da gaggawa, kuma haka ne. Tsohon gungumen kuwa abin dariya ne kawai a wurina, mai muryar da ba haƙora. Bara, ina zaune ina jiran itace ya bushe, na daɗe ina tunanin maganarsa. Ya gama tasa tsukewar, ba zai ƙara sauya siffa domin ya dace da kowa ba. Ba taurin kai ba ne, iyakar abin da ya rage masa ke nan. Wanda har yanzu jikinsa ke sauyawa, shi ne zai iya matsowa ya kama shi, kuma ba a rana ɗaya ba. Ban sani ba ko Iya ta nufi wannan ma'anar lokacin da take juya mana masara a garwashi. Ina zaton idan na tambaye ta za ta ce ita labarin kujera ta ba mu. Abin da zan iya tabbatarwa shi ne, macen da ba a taɓa ba ta gizago ba ta adana sana'ar mahaifinta a cikin tatsuniya, daidai, babu kuskure ko ɗaya, har ta isa hannun wanda zai yi mata aiki da ita ranar da ta buƙata.

Na yi niyyar in riƙa kifa kujerar duk Juma'a ina duba gindin ƙafafunta, domin itace ba a gama saninsa a shekara guda. Yawanci ba na samu. Duk lokacin da na shigo, Iya tana kai, in na ce ta ɗan tashi sai ta ce in dawo gobe, yau tana da aiki.